Jan Biron Baba da Muryar Jummala

Mu uku ne a gidanmu na Federal Low-Cost, kuma kowa da abin da ya rasa.

Baba, Malam Wakili, ya shekara talatin da biyar yana koyar da tarihi kafin ya yi ritaya. Tun daga ranar ya rasa takardun da zai yi wa maki, amma bai ajiye jan biro ba. Kullum yana aljihun gaban rigarsa. Da shi yake gyara jarida, da katin gayyatar biki, har da takardar maganin da aka rubuta masa a asibiti. Dada, mahaifiyata Hadijatu, cincin da dubulan take yi wa masu biki. Garar 'ya'yan mutane da ta fita daga kicin ɗinta ta fi ɗari, ita kuwa har yau ba ta yi suruki ba. Sai ni, Najeeba, 'yar farinsu, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da tarihi a wata makarantar kuɗi. Ƙannena biyu suna jami'a, sai hutu muke ganinsu.

Ni ce malamar da ba ta taɓa yi wa yaro tsawa ba. In aji ya kaure da surutu, tsayawa nake yi in naɗe hannu har kunya ta kama su su yi shiru. A gida ma sau da yawa sai an ce in maimaita magana don ba a ji ba. Abin da na rasa ban san na rasa shi ba sai bara.

Kar ku ɗauka ba a zuwa neman aurena. An zo. Na farko ya zauna a falonmu ya ce kakansa ya yi sarautar wani gari, Baba ya tashi ya ɗauko littafi, ya karanta masa jerin sunayen sarakunan garin ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye shi wanne ne daga ciki. Na biyu ya rage wa kansa shekara huɗu. Baba ya taɓa koyar da ajinsu. Dada ta ce da shi, "Malam, miji muke nema wa yarinyar nan ko ɗan jarrabawa?" Ya ce, "Wanda ya yi ƙarya a ƙofar gida, me zai yi in ya shiga ɗaki?"

To ga yadda na haɗu da na uku.

Wata Litinin na ba 'yan aji biyu gwaji a kan yadda ake yaƙi a zamanin da. Yara goma sha ɗaya suka rubuta mini cewa jarumi yakan kama igiya ya yi lilo daga wannan jirgin ruwa zuwa wancan, da takobi a bakinsa. Yaran Gombe, waɗanda ruwan da suka sani bai wuce dam ɗin Dadin Kowa ba. Na tambaye su inda suka samo wannan ilimi. Suka haɗa baki: "Fassarar Uzairu, Malama!"

Ranar Asabar bayan lasin na sa doguwar rigata ruwan toka, na yafa farin mayafi, na ɗauki takardun yaran a jaka, na hau keke zuwa Kasuwar Gombe. Shagon yana layin masu waya. A gaba wata mace mai fara'a tana sayar da caja da gidan waya, tana tura wa mutane fina-finai. Ita ce Adda Su'ad, yayarsa. A baya akwai wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da kwalin ƙwai don kar hayaniyar kasuwa ta shiga. Wani dogo ya leƙo, abin ji a kunnensa, hularsa ta karkace.

Na ce, "Kai ne Uzairu?"

Ya dubi fuskata, ya dubi jakar. "In faɗa ne, ya fita."

"Gyara ne."

"Au, to ya dawo. Bismillah."

Na shimfiɗa masa takardun. Ya karanta guda uku yana ƙunshe dariya, ya ce ai yaran suna da basira, sun riƙe abin da suka gani. Na ce abin da suka gani ƙarya ne. Ya ce shi bai yi fim ɗin ba, mutanen wata ƙasa ne suka yi, shi murya kawai yake sawa. Na tambaye shi ko yana jin yarensu. Ya ce in akwai rubutun Turanci a ƙasa yana bi, in babu kuma yana duban fuska.

"Duban fuska?"

"Malama, wanda aka ƙwace wa doki, a kowane yare abu ɗaya yake faɗa."

Don ya kare kansa sai ya kunna mini wani wuri. Wata mace ta fito a kan jirgi, iska tana kaɗa gashinta, takobi a hannu. Ta buɗe baki, sai na ji wata murya kamar akuyar da mura ta kama. Shi ne, yake toshe hanci yana yin muryar mata.

Na ce, "Wace mace ce take magana haka a duniya?"

Adda Su'ad daga waje ta ce, "Faɗa masa dai, 'yar'uwa! Shekara uku ina faɗa."

Ya turo mini makirfo. "To ga shi. A gyara."

Wallahi da niyyar in nuna masa kuskurensa na karɓa. Na dubi matar, na ja numfashi, sai na ji wani abu ya taso tun daga cikina:

"Ku yanke igiyar! Wanda ya ja baya, ni zan jefa shi teku da hannuna!"

Wani mai sayen caja ya leƙo ya ga ko lafiya. Ni kaina na waiwaya ina neman wadda ta yi maganar.

Tun daga ranar, wata takwas ke nan, ni ce muryar Kyaftin Jummala. Sunan Uzairu ne ya raɗa mata, kamar yadda ya raɗa wa jarumin Barde Sambo, wanda shi yake yi wa murya. Lasin ɗin Asabar yana ƙarewa ƙarfe goma. A gida na ce sha biyu. Adda Su'ad tana zama da mu a ɗakin, tana cin gyaɗa tana ba da shawarar da ba a tambaye ta ba. Wannan ita ce ƙaryata, kuma ita kaɗai ce, amma duk mako sai na sabunta ta.

Za ku ce malamar tarihi da wannan aiki? Na san duk kurakuran, na fi kowa sani. Amma a tarihin da nake koyarwa, azzalumi yakan tsufa ya mutu a kan gadonsa, jikokinsa su gaji gonakin da ya ƙwace. Mata kuwa sai ki karanta shafi hamsin ba ki ga sunan ko ɗaya ba, sai dai a ce "da iyalansa". A fim ɗin nan, kafin awa biyu ta cika an kamo mugu, an buɗe kurkuku, kuma mace ce a tsaye a kan jirgi tana ba da umarni. Na san ba a yi ba. Ina dai son in ga yadda zai kasance da an yi.

Watan jiya Uzairu ya turo bappansa neman izini. Baba ya karɓe shi da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Ya aika Shamaki, unguwarsu. Liman ya ce yaron ba ya wasa da salla. Maƙwabta suka ce ɗan kafinta ne, ba ya shan komai, ba a taɓa jin sa da kowa ba. Dada har ta fara lissafin kwanon fulawa. Sai Baba ya ce, "Wannan shaidar mutane ce. Saura shaidar aikinsa."

Ranar Juma'a ina ofishin malamai saƙon Uzairu ya shigo.

"Malama, yau mun ga abin mamaki. Wani dattijo ya zo sayen Jummala Mai Jirgi Bakwai."

"To meye abin mamaki? Dattawa ma suna kallo."

"Kafin ya tafi ya ce Adda ta ba shi kujera. Ya hau ya gyara mana rubutun allon shago. Da jan biro."

Na ajiye wayar. Na sake ɗauka.

"Farar hula? Tabarau mai igiya?"

"Kin san shi ne?"

"Uzairu, ka yi alwala ka fara addu'a."

Ranar Lahadi bayan Azahar Baba ya sa aka share falo. Ya sa farar jallabiyarsa ta zaman gida, ya jawo teburin da yake karatu a kai, ya cire ƙyallen da Dada take rufe talabijin da shi. Talabijin ɗin nan labarai kawai ya sani, ban taɓa ganin an soka masa filas ɗin fim ba sai ranar. Dada ta shigo da faranti da kwaɓin cincin da wuƙa, ta zauna a kan darduma, wai zafi ya yi yawa a kicin.

Baba ya miƙo mini sabon littafi mai shafi arba'in. "Malama ƙarama, zauna nan. Ni zan faɗa, ke ki rubuta. Ido biyu na masu tarihi sun fi ɗaya."

Na zauna a gefensa da atamfata ta gida, na ja ɗankwali har goshi kamar zai ɓoye ni.

Fim ya fara. Muryar Uzairu ta cika falon: "Shekara ɗari shida da suka wuce, a wata ƙasa mai nisa..."

Minti biyu ba a yi ba Baba ya danna rimot. "Tsaya. Mene ne wancan a kwandon matar?"

"Tumatir ne, Baba."

"Shekara ɗari shida, a wancan yanki? Tumatir bai ƙetaro teku ba tukuna. Rubuta. Na ɗaya."

Na rubuta. Madubin hangen nesa a hannun matuƙin jirgi, na biyu. Zif a takalmin Barde Sambo, na uku. Haƙoran fursunan da ya shekara goma a rami farare tas, na huɗu. Wani farin layi a sararin sama, wanda Baba ya tashi ya je gaban talabijin ya tabbatar hayaƙin jirgin sama ne, na biyar. Da mugun gwamna ya daka wa Barde tsawa ya ce, "Ko Tashar Dukku ka gudu sai na kamo ka!" Baba ya cire tabarau ya goge.

"Wannan kuma ba laifin masu fim ba ne. Nasa ne."

"In rubuta?"

"Ki ja masa layi biyu."

Dada tana yanka cincin, kafaɗunta suna rawa.

Muna kan na goma sha bakwai jirgi mai baƙar tuta ya ɓullo. Na san abin da ke tafe. Na san daƙiƙar. Na sunkuyar da kai ina gyara lambar da ba ta buƙatar gyara.

"Ku yanke igiyar!"

Muryata ta daki bangon falonmu, falon da ban taɓa ɗaga murya a cikinsa ba tun ina cikin zanin goyo. Wuƙar Dada ta tsaya. Ta ɗago a hankali ta dube ni, ta dubi talabijin, ta mayar da kai kan farantinta.

"Ikon Allah," in ji ta. "Wannan yarinya da murya. Uwarta ta sha fama."

Baba ya ce, "Mace ba ta jagorantar jirgin yaƙi da gashi a buɗe ba sulke. Rubuta."

"Ni kam ta burge ni," in ji Dada. "Ke ba ta burge ki ba?"

Na ce, "Da dama dai."

"Me kika ce? Ɗaga murya mana, ba a jin ki."

Masu karatu, in kuna da uwa irin tawa, Allah ya ba ku haƙuri.

Aka zo wurin da Barde Sambo yake faɗa da mutum ashirin a kan matakala, yana tsalle daga tebur zuwa taga, ya yanke igiyar fitila ta faɗo a kan mutum biyar. Baba ya tsayar.

"Yaƙi ba haka yake ba. Yaƙi tafiyar ƙasa ce, da yunwa, da jiran abokin gaba wata uku. Waɗanda gudawa ta kashe sun fi waɗanda takobi ya kashe."

Dada ta ce, "To Malam, wa zai zauna kallon gudawa awa biyu? Don Allah saki abin nan mu ga ko zai fita."

Ya saki. Na lura daga nan tazarar da ke tsakanin tsayawa da tsayawa ta fara tsawo. Kofin gilas ya wuce a teburin gwamna, bai ce komai ba. Doki ya yi gudun kwana uku ba ruwa, Baba ya bar shi ya wuce. Rimot ya sauka daga hannunsa zuwa cinyarsa. Da wani soja ya lallaɓo ta bayan Barde da wuƙa, sai na ji an ce, "Kai, bayanka!"

Ni da Dada muka juya. Baba ya yi tari, ya gyara zama.

"Ina nufin, wuƙar ba irin ta zamanin ba ce. Rubuta."

Aka kira La'asar, ya tafi masallaci. Na bi Dada kicin da farantin, na tura ƙofa.

"Dada..."

"Kyaftin."

"Don girman Allah, Dada."

"Tun watan azumi na sani. Matar gidan baya ce ta tura mini a waya. Wata tara na ɗauke ki, na shekara biyu ina jin kukanki, kin ɗauka don kin hau jirgi zan ɓata ki?"

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"In ce, a hana ki, in rasa kashi na biyu?" Ta zuba cincin a mai, ya yi ƙara. Sai ta rage murya. "Amma ki sani, ni ban ji komai ba, ban ga komai ba. Tsakaninki da mahaifinki ne. Kin san abin da ya tsana."

Na leƙa waya. Saƙon Uzairu guda shida.

"Ya ake ciki?"

"An kai nawa?"

"Ya ga zif ɗin?"

Na rubuta: "Talatin da takwas. Amma ya ce wa Barde bayanka."

"Allahu Akbar! A gaya wa Adda ta fara guɗa?"

"Ta dakata. Ba a zo kurkuku ba."

Ya san abin da nake nufi.

Bari in gaya muku zancen kurkukun. Kusa da ƙarshe an kama Barde Sambo an ɗaure, Jummala ta saɗaɗo ta tsaya a bakin ƙarfen taga. A fim ɗin, mutumin kalma uku ko huɗu ya faɗa, sai suka tsaya suna kallon juna, kiɗa yana tashi. Ranar da muka ɗauki wurin babu rubutun Turanci, Uzairu ya ce zai duba fuska. Amma ba fuskar talabijin ya duba ba. Da muka gama Adda Su'ad ta rangaɗa guɗa har masu shagon kusa suka shigo. Guɗar ya yanke. Sauran muka ce a bari, wa zai gane?

Baba ya dawo, ya zauna, ya kunna. Aka zo wurin. Muryar Uzairu ta sauka ƙasa, ta bar kurin jarumai:

"Jummala, ba ni da jirgi, ba ni da sarauta. Ɗaki biyu gare ni a bayan na mahaifina, ni na yi musu rufi da hannuna. Tun ranar da kika shigo kika ce na yi kuskure, ban sake son jin muryar kowa ba. In kin yarda, zan turo manya."

Kiɗa. Sai muryar Jummala, ba tsawa, ba umarni, da ɗan rawa a ciki:

"Ka turo."

Baba ya tsayar. Ya mayar baya. Ya sake saurara. Ya mayar. Sau uku.

"Kin ga abin da na gani?"

"Me... me ka gani, Baba?"

"Bakin mutumin ya rufe tun tuni, magana tana ci gaba. Kuma fursunan da za a rataye da safe, waɗanne manya zai turo?"

Dada ta ce, "Wataƙila manyan kurkukun."

Bai yi dariya ba. Ya bar fim ɗin ya kai ƙarshe, aka jefa gwamna teku, aka buɗe ƙofofi, jama'a suna ta murna. Ya kashe talabijin, ya karɓi littafin daga hannuna ya duba.

"Arba'in da uku," ya ce. "Waɗannan ba su dame ni ba."

Na ɗago.

"Ƙarya ce da kowa ya san ƙarya ce. Mai sayarwa ya sani, mai saye ya sani, ba a cuci kowa ba. Tatsuniya ce da dawakai. Kuma yaron ya iya ba da labari, ba zan hana shi haƙƙinsa ba. In akwai kashi na biyu ma a samo, saboda bincike."

Dada ta ce, "Saboda bincike."

"Abin da ya dame ni gaskiya ce guda ɗaya da na samu a ciki." Ya rufe littafin. "Shekara talatin da biyar ina sauraren yara. Na san muryar wanda ya haddace, na san muryar wanda yake faɗin abin da ke ransa. Duk fim ɗin nan yaron wasa yake yi, ban da wurin tagar nan. A nan ba da Jummala yake magana ba. Da matar da take yi mata murya yake. Kuma ta amsa masa."



Dada ta gwada. "Malam, ko 'yar'uwarsa ce? An ce yana da yaya a shagon."

"Na ga yayar, na ji muryarta, ba ita ba ce. Kuma ba a yi wa 'yar'uwa wannan muryar." Ya juyo gare ni, fuskarsa ta yi laushi, irin laushin da rabona da gani tun ina firamare ina zazzaɓi. "Najeeba, ki yi haƙuri. Na san kina son sa. Amma yaron nan ya yi wa wata alkawari, duk Gombe ta ji a waya, sannan ya turo bappansa gidana. Ke shiru gare ki. In aka cuce ki ba za ki faɗa ba, sai dai ki naɗe hannu ki jira mutum ya ji kunya. Ba kowa ke jin kunya ba. Shi ya sa nake magana a madadinki."

"Baba, wataƙila ba haka..."

"Kar ki kare shi. Ke ba ki san ƙarya ba, shi ya sa ba kya gane ta. Tun da aka haife ki ba ki taɓa gaya mini abin da ba haka yake ba."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Matar da ta kori sojoji ɗari daga kan jirgi da murya ɗaya, ko "ni ce" ta kasa fitarwa. Na dubi Dada. A karon farko tun Azahar babu dariya a idonta. Ta tattara farantinta kawai.

Baba ya mayar da jan biro aljihu. "Ba zan yanke hukunci ban ji daga bakinsa ba. Ki gaya masa ranar Asabar ƙarfe goma ya zo, ya taho da ita matar. In aiki ne kawai, su faɗa a gabana, zan gane. In ba haka ba, a mayar wa bappansa da amsa." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya juyo. "Ke ma ki nemi izini a makaranta. Kar ki je lasin ranar."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Rana ba ta faɗi ba, yaran maƙwabta suna ta buga ƙwallo a layi. Na rubuta wa Uzairu komai, ban rage ba. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa.

"Wato na ci jarrabawar ƙarya, na faɗi ta gaskiya."

"Ba lokacin wasa ba ne."

"Na sani." Can kuma: "Adda ta ce tana da ƙawa mai babbar murya. Za ta iya zuwa ta ce ita ce, ta ce aiki ne kawai."

Na daɗe ina kallon saƙon. Ba zan ɓoye muku ba, na yi tunaninsa. Har na fara tsara yadda za a koya mata layin. Sai na tuna Baba a tsaye a kan kujerar shago, da shekarunsa, yana gyara allon mutanen da bai sani ba, duk don kar a cuci 'yarsa.

"A'a. Ka gode mata."

"To me za mu yi?"

"Ka zo kai kaɗai. Ka sa shaddarka mai ruwan ƙasa, ka daidaita hular nan."

"In ya ce ina matar?"

"Ka ce tana hanya."

"Najeeba, in ya ji, zai iya hana mu gaba ɗaya. Ba don ni ba, don ke."

"Na sani."

Na kife wayar. Daga falo na ji Baba yana tambayar Dada, a hankali don kar in ji, wai shin a ganinta Barde zai koma wa jirgin ko zai zauna a garin.

Abin da na gane shi ne, ranar Asabar Baba zai zauna yana jiran mata biyu, ni kaɗai zan shigo, kuma wannan karon dole in yi maganar da ƙarfi yadda ba zai ce in maimaita ba.